Darasi na Bakwai: Yaro Mai Galahanga da Ke Duka da Cizo

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. faɗin irin galahangar da likitoci ke kira otizim;
2. bambance rigimar shagwaɓa da tumbatsa;
3. gano dalilin duka ko cizo ta lura da abin da ya gabace shi da abin da ya biyo bayansa;
4. koya wa yaro wata hanyar neman abin da yake so;
5. sanin lokacin da ya kamata a garzaya asibiti.

Wace galahanga muke nufi?

Bahaushe ya tara lalurori da dama a ƙarƙashin kalma ɗaya. Yaron da doguwar naƙuda ko shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa har gaɓoɓinsa suka sandare, sai a ce galahanga. Wanda ya makara wajen zama da tafiya, shi ma galahanga. A wannan darasi nau'i ɗaya kawai muke nufi, wato otizim. Sau da yawa irin wannan yaro jikinsa garau yake, yana gudu, yana haye katanga. Shi ya sa ma ake saurin cewa rashin tarbiyya ne.

> Akwatin ma'ana
> Otizim: bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa, wanda ke shafar maganarsa, cuɗanyarsa da mutane, da yadda yake jin ƙara, haske, wari da taɓawa. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma yaro yana girma da shi.

Wani likitan ƙwaƙwalwar yara mai suna Leo Kanner ya bayyana lalurar filla-filla a shekarar 1943, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, bayan ya lura da yara 11 da halayensu suka yi kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. An fi gano ta a maza, kusan ninki huɗu a kan mata. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara don wayar da kai a kanta.

Alamun suna fitowa da wuri. Yaro ya shekara ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, alhali kunnensa na ji. Ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi. Ya kai shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko kuma ya fara magana ta ɗauke.

Gado ne babban abin da bincike ya nuna yana da hannu. Ba laifin uwa ba ne, ba goyon ciki ba ne, ba bakin kishiya ba ne. Allurar rigakafi ma ba ta kawo ta. Wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, shi ya baza wannan zargi a 1998. Daga baya aka gano maguɗi a aikinsa, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa na likita a wannan shekarar.

Halayen da ba a saba gani ba

Yaro yana kaɗa hannuwa kamar tsuntsu. Yana jujjuyawa a tsakar gida har a ji masa jiri. Yana jera murafun kwalba a layi, in aka taɓa ɗaya sai kuka. Yana tafiya da tsinin ƙafa. An ce masa "Kana son ruwa?" sai ya amsa da "Kana son ruwa?"

> Akwatin ma'ana
> Maimaita motsi: motsi ne ko sauti da yaro ke ta nanatawa don ya kwantar wa kansa da hankali ko ya nuna murna.

Mu ma muna yi. Wani yana karkaɗa ƙafa in yana jiran layi a banki, wata tana murza gefen mayafi in an tsare ta da tambaya. Na yaron ne dai ya fi fitowa fili. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in motsin bai cutar da shi ko wani ba, a ƙyale shi. Kunyar baƙi ba dalili ba ce ta buge masa hannu. Sau da yawa in an hana shi abin da yake rage zafi da shi, zafin sai ya fito ta haƙori.

Akwai wani hali da zan ce kada a yi masa sakaci: cin ƙasa, gawayi, alli ko ɓawon fenti. Yana iya zama alamar ƙarancin jini, yana kuma shigar da tsutsar ciki da guba. Wanda ya tuna gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ya san ƙasa ba kullum take ƙasa kawai ba.

Me dukan yake cewa?

Duka da cizo ba sa cikin ma'anar otizim. Akwai yara masu lalurar da yawa da ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, su ne ma aka fi cin zalinsu a unguwa. To, wanda yake duka fa?

A ɗauka an kai ki wata ƙasa da ba kya jin yarensu. Haƙori na miki ciwo, an kunna rediyo a kunnenki, wani ya zo yana jan ki da ƙarfi zuwa inda ba ki sani ba. Kin yi nuni, ba a gane ba. Kin yi ihu, an yi dariya. Me ya rage miki? Yaro ɗan shekara uku ko huɗu da ba shi da kalmar "a'a", ba shi da "ciwo", ba shi da "na gaji", kusan kullum a wannan ƙasa yake zaune. Dukan da yake yi magana ce ta wanda bakinsa bai buɗe ba. Yawanci ɗaya daga cikin waɗannan yake faɗa: jikina na ciwo; abin nan ya yi mini yawa, a fitar da ni; ina son wancan; ki kula ni; ko kuwa an sauya mini abin da na saba ban shirya ba.

Maganar "ya yi mini yawa" tana bukatar ƙarin bayani, domin nan ne iyaye suka fi kasa yarda. Temple Grandin, wata Ba'amurkiya da aka haifa a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku. Ta girma ta zama farfesa a ilimin dabbobi, ta shahara wajen tsara shingayen da ake bi da shanu ba tare da sun firgita ba. Ta ba da labarin cewa tana ƙarama ƙarar ƙararrawar makaranta tana soka mata kunne kamar injin likitan haƙori ya taɓa jijiya, kuma tufafi masu kaushi da ake sa mata ranar zuwa coci suna kartar fatarta kamar takardar goge katako. Sai a kawo wannan gida: injin markaɗe, janareta, lasifikar gidan biki, injin aski a ƙeya, sabuwar shadda mai sitaci ranar Sallah, hayaƙin turaren wuta, yauƙin miyar kuɓewa a harshe. Abin da ke wuce mu ba mu lura ba, shi yana iya zame masa azaba.

Shagwaɓa da tumbatsa

> Akwatin ma'ana
> Rigimar shagwaɓa: kuka ko birgima don a sami wani abu. Yaron yana satar kallo ya ga ko ana kula shi, kuma da zarar ya samu sai ya yi shiru.
> Tumbatsa: halin da yaro ke shiga in ƙara, gajiya, tsoro ko ciwo suka yi masa yawa har ya kasa mallakar kansa, kamar randar da aka ci gaba da zuba wa ruwa bayan ta cika. Ba ya kallon kowa, alewa ba ta tsayar da shi, bulala ma haka.

Yaro ɗaya yana iya yin duka biyun, amma maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai shagwaɓa ana koya masa. Wanda ya tumbatsa ba ya ɗaukar darasi a wannan lokacin, sai dai a tsare lafiyarsa har abin ya lafa. A janye sauran yara. A kawar da wuƙa, tukunyar da ke kan murhu, da duk abin da zai fashe. A rage ƙara da haske. Mutum ɗaya ya tsaya kusa da shi, ya yi ƙasa da murya, ya taƙaita magana. In yana buga kai da bango, a sa matashi ko ninkakken zane tsakani. Kada a danne shi ruf da ciki, kada a hau bayansa, domin hakan na iya toshe masa numfashi. Wani yaron yana so a rungume shi tsam, wani kuwa taɓawa ƙara masa take yi. Uwa ta fi kowa sanin nata.

*Misali na farko.* Ana suna a gidan maƙwabta. An sa wa Auta, ɗan shekara huɗu, sabbin kaya da hula tun safe. Mata sun cika tsakar gida, ga lasifika, ga guɗa. Tun shigarsu yake toshe kunne yana jan zanen uwarsa zuwa ƙofa, ita kuwa tana gaisawa. Goggonsa ta sure shi tana masa wasa, sai ya gartsa mata cizo a kafaɗa, ya zube yana ihu.

Kakarsa ta ce, "Kai maigidana, yau kuma abin da ka zo mana da shi ke nan? Ke kuma kin zuba masa ido, ai ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Uwar ta ce, "Inna, ku yi haƙuri. Tun ɗazu yake toshe kunne, ni ce ban kula ba. Bari in kai shi soro ya huce."

Wannan tumbatsa ce. Yaron ya yi magana sau biyu kafin cizon: da toshe kunne, da jan zane. Cizon shi ne na uku. Gyaran da za a yi nan gaba: a je da sassafe kafin a cika, a sa masa kayan da ya saba, a yi minti goma a fito, a kuma roƙi dangi kada a ɗauke shi ba zato. Goggo ma tana da haƙƙi. A ba ta haƙuri, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, in fata ta huje a nuna wa ma'aikacin lafiya, domin cizon mutum yana saurin ruruwa.

Littafin lura

Ba kullum dalili ke fitowa ƙarara kamar na gidan suna ba. Nan ne rubutun da muke koyo a wannan aji zai yi mana rana. A sami littafi mai rahusa, a raba kowane shafi gida uku.

> Akwatin ma'ana
> Kafin: ina yake, da wa, ƙarfe nawa, me ake yi?
> Abin da ya yi: a rubuta abin da ido ya gani, kamar "ya mari yayarsa sau biyu". Kada a rubuta "ya yi iskanci".
> Bayan: me mutanen gida suka yi, me ya samu, ko me ya kuɓuce wa?

A yi mako biyu ana cikawa. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna ta sa ɗanta na makaranta ya rubuta, ko ta riƙa naɗar murya a waya. Sannan a zauna a duba abin da ke maimaituwa.

*Misali na biyu.* Wata yarinya 'yar shekara uku da rabi ta fara buga gefen kanta da hannu, abin da ba ta yi a da. Littafin ya nuna abin ya fi yawa da dare in ta kwanta, da kuma lokacin tauna. Babu wanda ya hana ta wani abu, babu abin da take samu in ta yi. Sabon hali da ya zo kwatsam, kuma a gefe guda na jiki, ciwo ake fara zargi. Aka kai ta asibiti, aka tarar kunnen ya yi ruwa. Haka ciwon haƙori ke yi, da taurin bayan gida, wanda ya yawaita a yaran da ke cin abinci kala biyu ko uku kawai, da zazzaɓin cizon sauro, da rashin isasshen barci. Kafin a ce yaro ya ƙaro hali, a duba jikinsa.

*Misali na uku.* Littafin wani gida ya nuna layi iri ɗaya har sau tara. Kafin: Yaya tana riƙe da waya. Abin da ya yi: ya ja mata gashi. Bayan: Mama ta ce, "Ke ba shi mana, ke ce babba." Ba da gangan ba, gidan ya koya wa yaron cewa jan gashi shi ne kuɗin waya. Kuma ciniki ne mai kyau a wurinsa, tunda bai taɓa faɗuwa ba.

Ba shi wata hanyar faɗa

Hana duka kaɗai ba ya isa, domin bukatar tana nan. A 1985 wasu masana biyu a Amurka, Edward Carr da Mark Durand, suka nuna cewa in an koya wa yaro ya nemi taimako ko kulawa ta hanya mai sauƙi, rigimarsa tana raguwa sosai. Sharaɗin shi ne sabuwar hanyar ta fi duka sauƙi, ta kuma fi shi saurin biya.

A koma ga mai jan gashi. Mama ta zaɓi alama ɗaya: miƙa tafin hannu. Da ta ga ya nufi Yaya, kafin ya kai ga gashin, sai ta kama hannunsa a hankali ta buɗe tafin, ta ce "ba ni", nan take Yaya ta miƙa masa wayar na ɗan lokaci. A yi haka sau da yawa a yini. In ya ja gashi, babu waya, babu dogon faɗa. A ce "ba a ja", a raba su, in ya natsu a sake nuna masa alamar. Sai bayan ta zauna masa ne za a fara koya masa jira, daga ƙirga biyar zuwa goma.

Wanda alamar hannu ta yi wa wuya, a yi masa da hoto. A yanko hoton kofi, na biskit, na ƙofa daga kwali ko a zana, ya riƙa miƙawa yana karɓa. Wasu iyaye suna tsoron kada alama ta hana yaro buɗe baki. Ba ta hanawa. Sau da yawa ma ita ke jawo kalmar, tunda kullum ana faɗinta tare da alamar.

Gargaɗi ɗaya, don kada a karaya. A kwanakin farko jan gashin zai iya ƙaruwa. Mai sayen da ya saba a miƙo masa kaya in ya ƙwanƙwasa taga, ranar da ba a buɗe ba ƙara bugawa yake yi kafin ya haƙura. In aka ba da wayar a rana ta uku saboda ihun ya yi yawa, an koya masa cewa ja da ƙarfi ne ke aiki. Dole kuma bakin gidan ya zama ɗaya, har Baba da Kaka. Yaya ma yarinya ce. A ware mata lokacin da wayar tata ce ita kaɗai, a kuma daina ce mata ta haƙura kullum.

Sauyi kuwa a riƙa sanar da shi. "Saura kaɗan a yi wanka" ya fi a fizge shi daga wasa. Ci, wanka da barci su kasance a kan lokaci ɗaya gwargwadon hali.

Bulala, hayaƙi da maganin barci

A ra'ayina babu abin da ya fi ɓata wannan aiki kamar bulala. Yaron da ke koyo da ido, in an doke shi don ya yi duka, abin da ya gani shi ne babba ma da hannu yake magana. Wanda ya tumbatsa kuma an ƙara wa randarsa ruwa ne. A yi wa malamin Islamiyya ko na allo wannan bayani tun ranar da aka kai yaron, cikin girmamawa.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana addu'a ba. Abin da za a guje wa shi ne duk maganin da za a ɗaure yaro, ko a doke shi da sunan fitar da aljani, ko a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko a kira shi ɗan ruwa. Haka nan sayo maganin mura ko na barci a kemis don ya yi shiru. Yana iya danne masa numfashi.

Babu ƙwayar da ke warkar da otizim. Akwai dai magunguna irin su risperidone, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince a 2006 a ba yara masu lalurar daga shekara 5 in faɗa da cutar da kai sun tsananta. Yana sa ƙiba da yawan barci, don haka likita ne kaɗai ke rubuta shi, yana kuma bibiya.

Yaushe za a tafi asibiti?

A tafi ba tare da jinkiri ba in yaro yana ji wa kansa ko wasu rauni, in ya daina magana ko wani abin da ya iya a da, in hali ya sauya kwatsam, ko in yana sandarewa, yana fizge-fizge, ko yana ƙura ido na 'yan daƙiƙu ba ya amsawa. Farfaɗiya ta fi yawa a masu otizim fiye da sauran yara, kuma tana da magani. A nemi a gwada jinsa tun farko. A fara da sashen yara na babban asibiti mafi kusa. Daga nan ana iya turawa asibitin koyarwa, kamar na Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da Maiduguri. A tafi da littafin lura. Minti biyu na bidiyon da aka ɗauka a waya yakan fi dogon bayani amfani ga likita.

A gida kuma a rufe rijiya da murfi mai nauyi, a ɗaga sakatar ƙofar waje inda hannunsa ba ya kai. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna son ruwa, suna kuma ficewa ba sallama.

Tambayoyin bita

1. Kawo alamu uku da ake iya gani kafin yaro ya cika shekara biyu.
2. Mene ne bambancin rigimar shagwaɓa da tumbatsa? Ta yaya za ka gane kowacce?
3. A misali na farko, sau nawa Auta ya nuna damuwarsa kafin ya yi cizo, kuma ta wace hanya?
4. Me ya sa ba a danne yaro ruf da ciki?
5. Wani yaro yana jifa da kwano duk lokacin da aka zuba masa tuwo da miyar kuka, sai a ɗauke a ba shi shayi da burodi. Cika gidaje uku na littafin lura, sannan ka faɗi alamar da za ka koya masa a maimakon jifa.
6. Me ya sa hali kan ƙaru a kwanakin farko na gyara, kuma me zai faru in an sakar wa yaron a lokacin?
7. Faɗi dalilai huɗu da za su sa a kai yaro asibiti ba tare da jira ba.
8. Aikin aji: ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ta zama uwar yaro, ɗaya ta zama surukarta da ke ganin bulala ce magani. Uwar ta yi bayani cikin ladabi ba tare da ta janye matsayinta ba.